Wasiƙa Ta Ɗari Biyu Da Tara

Shekara ashirin da shida mabuɗin akwatin gidan waya na unguwar Hausawa ta New Bell, a birnin Douala, yana rataye a wuyan Malam Haruna, shi ya sa duk New Bell ba a kiransa sai Mai Akwati. Akwatin guda ɗaya ne tak, amma gida sama da sittin ke amfani da shi. Mai ɗa a Libreville, mai ƙanwa a Jidda, mahaucin da ya baro iyali a Garwa, kowa lambar nan yake bayarwa. Litinin da Alhamis Malam Haruna zai ɗauki lemarsa da jakar fata ya tafi gidan waya, ya dawo ya bi gida-gida yana sallama. Bai taɓa buɗe wasiƙar wani ba, bai taɓa ɓatar da ko ɗaya ba, kuma in ka zauna kusa da shi minti biyar sai ya gaya maka hakan, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba.

A shekarun nan na matsi, bayan an karya darajar kuɗin sefa, kamfanoni suka shiga sallamar mutane kamar ana share tsakar gida. Cikin waɗanda abin ya shafa har da ɗansa tilo, Sirajuddeen, mai ƙidayar kaya a tashar jiragen ruwa. Yaron ya yi shekara biyu yana zaman kashe wando, sannan wani abokinsa ya samo masa aiki a wurin gyaran jiragen kamun kifi a Las Palmas, can bayan teku. Malam Haruna ya ce ba da yawunsa ba. Uwar Siraju ko shekara ba ta cika da rasuwa ba, ga matarsa Mardiya da ƙaramin ciki, ina za shi ya bar su? Siraju ya ba da haƙuri har ya gaji, ya kuma ɗaure jakarsa.

Ranar tafiya ya durƙusa gaban uban da wata takarda mai layi shida. Ya ce ya buɗe masa sabon adireshi na kwamfuta a wani kamfani da ke unguwar Akwa, ya biya na shekara guda, kuma ta nan zai riƙa rubutowa. Ya yi bayanin inda za a je da yadda za a yi, tiryan-tiryan. To amma wa yake yi wa? Malam Haruna ya juya fuska bango ya ƙure ƙarar rediyo, ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnensa ba. Sai da ƙarar tasi ta ɓace a bakin layi sannan ya miƙa hannu ya ɗauki takardar.

Kada a ce mutumin nan wawa ne, don ba wawa ba ne. Ya san talgiram tun yana saurayi: a buga shi ta waya daga wata ƙasa, ma'aikatan gidan waya su sauke shi a takarda su jefa maka a akwati. Ya ce a ransa wannan ma ɗan'uwansa ne, sauri kawai ya fi. Layin ƙarshe na takardar Siraju ya rubuta "sirri" a gefensa, don haka Malam Haruna ya sa reza ya yanke shi, ya naɗe a 'yar fata ya rataya tare da mabuɗi. Layin farko kuwa, adireshin, ya kwafa ya raba wa unguwa kaf, kamar yadda ya saba da lambar akwati. Ya ce kowa ya aika wa nasa, yanzu wasiƙa ba ta kwana a hanya.

Wata takwas cur yana zuwa gidan waya Litinin da Alhamis, ya buɗe akwati, ya leƙa har ƙarshensa, ya zura hannu ya shafa. Wasiƙu masu kan sarki suna zuwa jefi-jefi, amma ta sabon adireshi ko ɗaya. Hammadu mahauci ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce ƙanensa ya rantse sau uku yana aikowa. Malam Haruna ya ji kunya har cikin ƙashinsa, amma abin da ya fi ci masa rai shi ne shirun Siraju. Ya yanke a ransa cewa yaron ya riƙe shi ne, ya samu duniya ya manta da gida. In an tambaye shi labarin ɗansa sai ya ce yana can, ya kawo wata hira.

Ranar wata Laraba Mardiya ta sauka lafiya, 'ya mace. Bayan azahar tsofaffin mata suka miƙa masa jaririyar a zaure don ya yi mata huɗuba. Ya yi kiran salla a kunnen dama, ya yi iƙama a na hagu, ya dubi fuskar nan mai faɗin goshi, sai bakinsa ya riga shi. Ya raɗa mata sunan matarsa marigayiya. Shekara talatin da ɗaya suna tare da matar nan bai taɓa kiran sunanta ba, daga "Maman Siraju" sai "ke", yau ga shi ya fito daga bakinsa ba tare da ya shirya ba. Babu wanda ya ji, amma shi ya ji. Mutumin da bai taɓa buɗe ambulan ɗin wani ba ya ɗauki abin da yake haƙƙin ɗansa ne.

Abin da ya ƙara dagula masa lissafi, Mardiya ta aiko ta bakin tsofaffi cewa mijinta ya yi mata alkawari zai turo suna ta sabon adireshi idan watanta ya tsaya, kuma ita sunan nan take jira. Ga kuma Liman Abdulganiyu da al'adarsa: duk suna sai ya tambaya a gaban jama'a wa ya zaɓa, kafin ya shafa fatiha. Malam Haruna ya san ba zai iya cewa ubanta ne alhali ba shi ba ne. Bai kuma ga yadda zai tsaya gaban unguwa ya ce ɗansa ya watsar da su ba. An sayi rago, an raba goro, an gaya wa wanzami, suna jibi Laraba. Ranar Litinin ya je gidan waya ya dawo da jaka wayam.

A ranar ce Hafiza ta zo barka. 'Yar ƙanensa ce, tana aure a unguwar Makèpè, kuma wata uku ke nan da ta samu aikin sakatariya a ofishin wani mai fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa. Ta tarar da mai jego tana hawaye, ta ji dalili, ta fito zaure ta roƙi Baffa ya nuna mata takardar. Tana dubawa ta zauna daɓas a kan tabarma. Ta tambaye shi inda yake zuwa karɓa, ya ce gidan waya mana, ina kuma ake karɓar wasiƙa? Hafiza ta rufe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa, don ta san in dariyar ta fito ba ita ba ƙara shiga gidan nan.

"Baffa, wannan ba a kawo ta. Zuwa ake yi a ɗauko, kuma da kwamfuta ake ɗaukowa. Duk abin da aka aiko yana can a ajiye yana jiranka."

Ya ce wata takwas? Ta ce ko shekara ce. Bai yarda ba, amma bai da wata hanya, don haka ya ce gobe da safe zai zo ya ga ƙarya ko gaskiya.

Talata da hantsi ya iso, sanye da babbar rigar da yake zuwa Juma'a da ita, an yi ruwa da asuba takalmansa duk taɓo. Ofishin hawa na biyu ne, tebur shida amma mutum biyu kawai ke zaune, sauran an sallame su tun bara. Mai ofishin, Alhaji Ɓoɓɓo, Bafulatanin Garwa ne mai ɗan tumbi da yawan hanzari. Lokacin da ya fara sauka Douala da 'yar jakarsa ba shi da adireshi, akwatin Malam Haruna ne ya riƙe masa wasiƙu shekara huɗu. Ya gaishe shi da girmamawa, ya ce Hafiza ta yi abin da za ta yi, amma ta tuna layin tarho ɗaya ne a ofishin, kuma satin nan ƙarfe biyar ake ɗauke musu wuta. Ya shige ɗakinsa na ciki ya ja ƙofa.

Hafiza ta jawo masa kujera kusa da ita, ta buɗe manhajar wasiƙu, ta shiga wurin da ake ƙara sabon adireshi. Na'urar ta fara tambaya cikin Faransanci, ita kuma tana mayar masa da Hausa. Da farko ta nemi sunan da mutane za su gani idan ya aika musu. Ya ce a sa Haruna Mai Akwati, New Bell, kuma a rubuta da kyau. Ta kwafi adireshin daga layin farko. Layi na biyu, ta ce, sunan gidan da wasiƙu ke sauka ne su jira mai su, na uku kuma gidan da suke tashi daga shi. Ya gyaɗa kai, wannan ya gane, don a gidan waya ma tagar karɓa daban, ramin jefawa daban. Ta yi alama a wani ɗan gurbi don a bar kwafin kowace wasiƙa a can ko an sauke ta, ya ce wannan dabara ce mai kyau, da gidan waya na yin haka da an huta.

Suka zo layi na shida, ba ya nan. Hafiza ta juya takardar gaba da baya, ta ga wurin da reza ta bi, ta dube shi. Ya zaro igiyar wuyansa, ya kwance 'yar fatar, amma ya ƙi miƙa mata. Ya ce mabuɗi ba ya barin hannun mai akwati. Ta ce to shi zai buga da kansa, ta tura masa allon haruffa ta kau da kai. Ya sa gilashinsa, ya ɗaga yatsa guda, yana nemo harafi ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Da ya ɗaga ido don ya duba abin da ya rubuta, sai ya ga 'yan taurari takwas a jere, babu harafi ko ɗaya. Ya ce ta lalace. Hafiza ta ce a'a, ɓoyewa take yi don kada na kusa ya gani. Malam Haruna ya daɗe yana kallon taurarin nan, abin ya shige shi ƙwarai. Ya ce a hankali, ashe ita ma ta san amana.

Ta danna, wani ɗan akwati a gefen tebur ya buga lamba da kansa, ya kama ƙara da shaƙewa kamar an taka wuyan zakara, sannan ya yi tsit. Wani layi ya fito a ƙasan gilashin kwamfutar. Hafiza ta matso da fuskarta, ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta ce da shi ana sauke wasiƙa ta ɗaya cikin ɗari biyu da goma sha huɗu.

"Nawa kika ce?"

"Ɗari biyu da sha huɗu, Baffa. Wa da wa ka ba adireshin nan?"

Ya ce kowa. Ta dafe kai. Ta yi masa bayani cewa wannan adireshin na mutum ɗaya ne, ba na unguwa ba, kuma na'urar tana saukewa ne bi da bi, tsohuwa kafin sabuwa, ba ta tsallake. Wasiƙar suna tana can ƙarshe, sai duk na unguwa sun wuce. Ya ce to ai haka ya kamata, wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama.

Suka fara faɗowa. Kowace ta sauka sai layi ɗaya ya ƙaru, da sunan mai aikowa da ranar da ya aiko. Mutanen nan kuwa sun yi yadda suka saba a bayan ambulan, a wurin take kowa ya rubuta wanda za a ba. A ba Hammadu mai nama. A ba Hajiya Zinariya ta bayan masallaci. A hannun Malam Haruna, zuwa ga Iro direba. Daga Libreville, daga Jidda, daga Brazzaville, daga Kano, daga wani gari a ƙasar Sin da Hafiza ta kasa faɗar sunansa. Malam Haruna ya bi siririyar wayar da ido, daga bayan na'urar zuwa bango, ko kaurin igiyar takalmi ba ta kai ba. Tsigar jikinsa ta tashi. Shi da ya san nauyin wasiƙa hamsin a kafaɗa, yau ga ɗari biyu suna shigowa ta cikin zare, ba jirgi, ba kan sarki, ba wanda ya jiƙe da ruwan sama. Sai tasbihi yake yi ƙasa-ƙasa, ya ma manta da shayin da aka ajiye masa.

Ta farko ta Siraju ce, kwana huɗu bayan tafiyarsa. Takenta kalma guda, Baba. Ta bakwai ma tasa ce, da ta goma sha biyu, da ta sha tara, duk take ɗaya, duk ranar Lahadi. Hafiza ta kai hannu za ta buɗe ta Hammadu don ta gwada, ya buge mata hannu, ya ce ta wani ba a buɗewa. Ta Siraju kuwa tasa ce, ya ce ta karanta ta farko. Yaron ya ce ya sauka lafiya, akwai iska mai sanyi, yana kwana da wasu 'yan Senegal su huɗu, kuma akwai gidan ma'aikatan jirgi inda ake barinsu su taɓa kwamfuta. Ya roƙi gafara, ya ce a gaida Mardiya. Ta goma sha biyu ya tambaya ko ƙafar Baba ta daina kumburi. Ta wata na uku ya ce ya san fushi ake yi da shi, kuma yana da haƙƙin a yi, amma ko layi ɗaya ne a sa wani ya rubuto. Malam Haruna ya ce ta tsaya haka nan. Ya cire gilashi ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa. Baƙin ciki da kunya suka taru suka rufe shi, don wata takwas yana zagin yaron nan a zuci, ashe shi ne bai amsa ba.

Wata wasiƙa mai hoto ta tsaya ta cinye kusan rabin awa ita kaɗai. Aka yi azahar, Malam Haruna ya yi tasa a kan kwali a gefen tebur, yana sallamewa ya tambayi lamba. Ɗari da arba'in da ɗaya. Ana cikin haka ɗan akwatin ya yi ƙit, layin ƙasa ya ɓace. Daga ɗakin ciki suka ji muryar Alhaji Ɓoɓɓo yana ta alo, alo, yana faɗa da wani a kan kwantenarsa da ke tashar. Bawan Allah ya manta shaf, ya ɗaga kan tarho, ya tsinke musu layi.

Hafiza ta jira ya gama, ta sake bugawa. Zakaran ya sake shaƙewa, layin ya dawo, sai ga shi ya ce ta ɗaya cikin ɗari biyu da sha huɗu. Ta ce inna lillahi. Tunda ba a kai ƙarshe ba, na'urar ba ta riƙe inda ta tsaya ba, daga farko za ta sake. Malam Haruna ya dubi agogon bango, biyu da kwata. Sun shafe awa biyu kafin su kai inda suka kai, ga wuta ƙarfe biyar.

Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi ba Hafiza tsoro. Ya tashi ya ƙwanƙwasa ƙofar ciki, ya shiga, ya tsaya riƙe da hularsa. Abin da bai gaya wa kowa a unguwa ba ya gaya wa Ɓoɓɓo a tsaye: gobe suna, sunan yana cikin wayar nan, kuma shi ya riga ya yi wa jaririya raɗar da ba huruminsa ba. Ɓoɓɓo ya fito ya leƙa gilashin, ya ga sunayen mutanen New Bell suna jeruwa, rabinsu ya san su. Ya koma ya zare igiyar kan tarhonsa, ya naɗe, ya kawo ya ajiye a cinyar Malam Haruna. Ya ce kwantena ba ta da ƙafa, zai hau babur ya je tashar da kansa. Ya ɗauki lema ya sauka, suna jin takunsa a matakala.

Wasiƙun da suka riga suka gani suka sake wucewa, hoton nan ya sake cin rabin awarsa, Malam Haruna ya tsine wa mai hoton a zuci sannan ya nemi gafara, don jikan Hajiya Zinariya ne. Hadari ya haɗo ta wajen kogin Wouri, ofishin ya yi duhu-duhu. Ƙarfe huɗu da rabi suna ɗari da sittin. Biyar saura kwata, ɗari da tamanin da biyu, don na baya-bayan nan gajeru ne, mutane sun gaji da rubutun da ba amsa. Hafiza tana buɗe duk ta Siraju da ta sauka ta duba da sauri ta girgiza kai. Biyar ta buga, fankar sama tana ta juyawa abinta. Ranar dai ba a ɗauke wutar ba sai wajen bakwai, kuma har yau Malam Haruna bai yarda cewa mantuwa ce ba.

Ta ɗari biyu da tara ta sauka biyar da minti ashirin, ta Lahadin makon jiya. Hafiza ta buɗe, ta ce ga ta. Malam Haruna ya damƙe igiyar tarhon da ke cinyarsa da hannu biyu. Ya riga ya yanke cewa duk sunan da ya fito shi zai kai wa liman, ya kuma faɗi abin da ya yi a zaure ko da za a yi masa dariya. Ya ce ta karanta yadda yake, kada ta gyara.

"Baba, a lissafina watan Mardiya ya tsaya. In namiji ne a sa masa Zaidu. In mace ce a sa mata sunan Inna. Ba zan iya rubuta shi ba, kai ka sani. Ina roƙo kai za ka raɗa mata da bakinka, ko kana fushi da ni."

Malam Haruna ya ce ta maimaita, ta maimaita. Sai ya sunkuyar da kai ya yi kuka sosai, irin wanda bai yi ba ko ranar jana'izar matar, Hafiza kuma ta juya tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Farin ciki ne da mamaki suka haɗu masa. Yaro yana bayan teku, ya rubuta abu ranar Lahadi, uban bai gani ba bai ji ba, ranar Laraba bakinsa ya aikata shi.

Sauran biyar suka sauka yana share fuska. Ta ƙarshe, ta ɗari biyu da sha huɗu, ita ma ta Siraju ce, kuma ba ta Lahadi ba ce. Hafiza ta nuna masa ranar da yatsa: yau, ƙarfe tara da minti shida na safe. Ya ce yau wace? Ta ce yau ɗin nan, lokacin da yake kan hanya yana tsallake taɓo. Ba komai a ciki sai tambaya guda: "Baba, ta sauka?"

Ya gyara zama, ya mayar da hula, ya ce ta rubuta. Ta sauka ranar Laraba, mace, lafiya lau ita da uwar. Ba fushi ba ne, jahilcin tsoho ne, a gidan waya yake ta nema. An raɗa mata sunan da ya ce. Hafiza ta tambaya ko a rubuta sunan, ya ce a'a, wanda aka aika wa ya sani. Ta danna, wani ɗan layi ya gudu daga hagu zuwa dama, ta ce ta tafi. Ya tambaya kwana nawa za ta yi, ta ce ta riga ta isa. Ya dubi zaren nan na bango ya girgiza kai.

Sauran aikin ya kai su magariba. Ya sa ta buga wasiƙun unguwa a takarda, ya tsaya a bakin na'urar bugawa yana karɓar kowace a kife, ya ninke, sannan ya tambayi sunan mai ita ya rubuta a baya. Takardar ofis ta ƙare suka koma bayan tsofaffin fom na kwastan. Ya cika jakar fata har ta ƙi rufuwa, ragowar ya ɗaure da igiyar tarhon Ɓoɓɓo, wadda sai da aka kwana uku kafin ya tuna ya mayar.

Da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, layin ya cika har bakin kwata. Malam Haruna ya fito da jakarsa a kafaɗa, amma ya ce ba wanda zai karɓi tasa sai an shafa fatiha, Hammadu mahauci kuwa sai leƙen jakar yake yi. Liman Abdulganiyu ya gyara rawani, ya miƙo kunne don a raɗa masa, sannan ya yi tambayarsa ta kullum, wa ya zaɓi suna.

"Ubanta ne," in ji Malam Haruna, ya zaro takardar daga aljihu ya ɗaga. "Ga wasiƙarsa."

Bai raɗa a kunnen liman ba. Ya share murya, ya faɗa da ƙarfi yadda na bakin kwata ma za su ji, har matan cikin gida suka ɗauki guɗa.

"Sunanta Rakiyatu."